Jan Biron da Ya Yanke Mini Suna

Shekarun baya, lokacin maigidana yana bakin daga can arewa maso gabas, wani banki a nan Zuru ya dubi tsabar idona ya ce ba ni ce ni ba. Abin ya daɗe da wucewa, amma har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ga waɗanda ba su sani ba, ni 'yar Garwa ce ta ƙasar Kamaru, aure ya kawo ni nan. Da Hausa na tashi a gidanmu, shi ya sa a kasuwa ba mai gane ni baƙuwa ce sai in an ɓata mini rai Faransanci ya kuɓuce mini. Amma a takarda baƙuwa ce ni. Da katin izinin zama nake zaune, duk sanda wa'adinsa ya kusa cika sai in tattara takardu in hau mota zuwa Birnin Kebbi a sabunta.

Sunana a fasfo Hadizatou Oumarou. Haka muke rubuta shi a can, da O da U ɗinsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya je da kansa ya sa aka rubuta shi haka a takardar haihuwata. Ranar da na je buɗe asusu, ina amarya, lallen ƙafata ma bai gama fita ba, na cike fom da rubutuna mai lanƙwasa irin na makarantunmu. Matashin da ke kan teburin ya karanta, ya kwashe da dariya.

"Haba amarya, wannan wane irin suna ne kamar na maganin tari? Ai Hadiza Umar ce ke. Bari in gyara miki."

Ya zaro jan biro daga aljihu, ya soke abin da na rubuta, ya ɗora nasa a sama. Ni kuwa sakarya sai na yi murmushi. Har godiya na yi masa, wallahi! A raina daɗi nake ji, wai ga shi na zama 'yar gida. Shekara bakwai ina karɓar kuɗin ɗinki ta asusun nan da sunan da wani ya yanka mini da biro, ban taɓa kawo komai a raina ba.

A shekarar da nake ba ku labari, da na je a sabunta mini kati sai aka ce a wannan karon in haɗo da takarda daga bankina, mai nuna ina da asusu kuma sana'ata tana riƙe da ni. Saura sati uku katin ya ƙare. Na ce abu mai sauƙi. Na dawo Zuru, washegari na yafa mayafi na tafi banki.

Yarinyar da ke kan kanta ta ce in ba ta fasfo, dama suna sabunta bayanan mutane. Ta dubi fasfo, ta dubi kwamfuta, ta sake duban fasfo. Sai ta tashi ta shige wani ofishi. Da aka kira ni ciki, wa zan gani? Mai jan biro! Ya yi tumbi, ya ɗaura laktaya, an ba shi kujera mai juyawa, yanzu shi ne shugaban sashen.

"Hajiya, wannan asusun na Hadiza Umar ne," in ji shi. "Ke kuma fasfonki ya nuna wata ce daban. Mun rufe shi har sai an tantance."

Na yi dariya, don na ɗauka tsokana ce. Na ce, "Malam, ai kai ne ka gyara mini sunan da hannunka. Ka manta? Har ka ce kamar na maganin tari."

Fuskarsa ko motsi ba ta yi ba. "Ni? Ba ma taɓa abin da mai asusu ya rubuta. Matsalar ku baƙi ke nan, sai ku zo da suna biyu uku, in an kama ku ku ce laifin banki ne."

Ku baƙi. In an kama ku. Jama'a, ni da na binne cibiyar 'ya'ya biyu a garin nan! Na buɗe baki, abin da ya fito Faransanci ne zalla, kuma ba irin wanda ake koyarwa a aji ba. Allah ya so ni bai ji ko kalma ɗaya ba.

Ya ce hanya ɗaya ce: in je kotu in rantse cewa ni na ba da sunan da ba daidai ba, in buga a jarida, sannan maigidana ya zo ya sa hannu. Na ce maigidan yana daji da bindiga a kafaɗa, wayarsa ma sai a yi sati biyu ba ta shiga ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in jira ya dawo. Na ce to a ɗauko fom ɗina na farko a duba mana. Ya ce tsofaffin fayiloli suna sito, kuma ba a buɗe sito don mutum ɗaya.

Da na koma gida na kira wata ma'aikaciya a Birnin Kebbi da ta saba taimaka mini da takardu. Ta ce, "Ki yi hattara. In kika rantse cewa kin yi amfani da sunan da ba naki ba, tambayoyi za su yi yawa, kuma kafin a gama amsa su katinki ya ƙare." In ya ƙare kuwa, zamana a ɗakina ya zama laifi. Ana iya cewa in koma Garwa in jira. Yarana 'yan ƙasa ne, ubansu ba ya nan, ƙaramar ko yaye ba a yi mata ba. Kuma a kan me zan ɗauki Alƙur'ani in rantse da ƙarya, don in wanke wanda ya yi mini ɓarna?

Sati biyu cur ina zarya. Yau a ce manaja ya tafi taro, gobe a ce mai makullin sito ba shi da lafiya. Mai gadin ƙofa har ya fara gaishe ni da "Hajiya an dawo aiki?" Wata maƙwabciyata ta ce in daina wahalar da kaina, in nemi takardar 'yar asalin gari kawai, wa zai gane, tunda Hausata ta fi tasu. Na ce a'a. Suna ɗaya aka canza mini nake wannan wahala, ina ga na canza ƙasa gaba ɗaya.

Duk wannan ban gaya wa surukata ba. Tsohuwa ce, manomiya, gonarta tana gindin dutse bayan gari. Ita coci take zuwa, ni da ɗanta muna salla, kuma ba mu taɓa samun saɓani a kan haka ba. Ba ta karatu, Hausarta ma a tsaye take ba ado, don da yarensu na C'lela ta tashi. Tun zuwana kowace damina ina rufe keken ɗinki da safe in bi ta gona. Ran nan muna cire ciyawa a dawa ta lura ina tuge shukar ina barin ciyawar.

"Ɗiyata, mi ya same ki?"

Na zauna a kan kunyar dawa na fashe da kuka, na kwashe komai na gaya mata. Saura kwana shida a lokacin. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce Allah ya kyauta ba. Ta kakkaɓe zaninta kawai ta ce, "Tashi mu tafi."

"Mama, a haka? Ko wanka ba mu yi ba."

"Wanka za su duba?"

Ƙofar bankin nan mai ƙara in ta ji ƙarfe, sau uku tana mayar da Mama baya. Ashe lauje ne a soke a ƙugunta. Ta zare ta miƙa wa mai gadi ta ce ya riƙe mata da kyau, ya fi bindigarsa amfani. Ranar kuwa ranar biyan fansho ce, zauren cike yake da tsofaffin sojoji da matan sojoji. Mama ba ta shiga layi ba. Ta je daidai ƙofar ofishin mai jan biro ta zauna a ƙasa daɓas, ta miƙe ƙafafu da taɓon gona, ta kwance ƙullin gyaɗa daga bakin zaninta ta fara ɓara. Ni kunya kamar in nutse. Ina ta raɗa mata, "Mama don Allah ki tashi," ko kallona ba ta yi ba.

Ya fito a fusace. "Mama, nan ba kasuwa ba ce."

"Na sani, yaro. Takardar ɗiyata na zo gani. Wadda ta rubuta da hannunta. In an kawo in tashi."

"Mama, ba ki gane ba. Matar nan baƙuwa ce, akwai doka a kan..."

"Baƙuwa?" Ta ajiye gyaɗar. Muryarta ta cika zauren, har masu ƙirga kuɗi suka ɗago kai. "Kai ɗan ina ne? Ka san golmo? A wurinmu saurayi shekara bakwai yake noma gonar uban yarinya kafin a ba shi ita. Ɗana soja ne, ko fartanya ɗaya bai kafta a gonar uban yarinyar nan ba. Ita ta yi mana. Damina bakwai tana duƙe a gonata. Dawar da na ci bara hannunta ne. Kai kana zaune cikin sanyi kana juya kujera, kai ne za ka gaya mini wace ce baƙuwa?"

Wani tsohon soja mai sanda ya ce, "A buɗe siton mana! Bam ne a ciki?" Wani ya ce shi ma ba zai karɓi fanshonsa ba sai ya ga takardar nan. Kafin ka ce me, matan sojoji uku sun bar layi sun zauna kusa da Mama suna taya ta ɓarar gyaɗa. Manajan da aka ce kullum yana taro sai ga shi ya fito, ashe yana ciki. Ya saurare ni, ya dubi zauren, ya ce a kawo makulli. Mai makullin ma ashe lafiyarsa ƙalau.

Sai bayan azahar aka fito da fayil ɗin, ya yi ƙura, gefensa gara ta ɗan taɓa. Manaja ya buɗe a kan kanta a gaban kowa. Ga rubutuna nan mai lanƙwasa, Hadizatou Oumarou, an ja masa jan layi. A samansa Hadiza Umar da manyan baƙaƙe. A gefe kuma, da jan biron dai, sa hannun wanda ya yi gyaran. Manaja ya daɗe yana kallon sa hannun, sannan ya ɗago ya kalli mutumin. Ƙarar ɓawon gyaɗa kawai ake ji.

Ba zan yi muku ƙarya ba, bai ba ni haƙuri ba. Cewa ya yi, "Lokacin muna sababbi ne." Amma manaja ya sa shi ya zauna ya gyara da hannunsa. Ya ɗora yatsu a kan kwamfuta, sai ya tsaya, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Yaya ake rubutawa?" Fasfon yana jakata, don ko gona da shi nake zuwa a kwanakin nan, da na ga dama da na miƙa masa. Ban miƙa ba. Na tsaya a kansa na faɗa masa harafi bayan harafi, a hankali, da ƙarfi, yadda ake yi wa 'yan aji ɗaya. Washegari da sassafe ina cikin motar Birnin Kebbi da takardata, aka karɓa saura kwana biyar.

Ni ba dokar nake jin haushi ba. Ƙasa tana da ikon sanin wanda ke zaune a cikinta, kuma har gobe ina sabunta katina a kan lokaci. Abin da ke ci mini rai shi ne mutum ya yi maka ɓarna yana dariya, bayan shekaru ya dawo ya ce ka je ka rantse kai ka yi. Sai kuma haushin kaina, godiyar nan da na yi masa. Don ina son a ce ni 'yar gida ce, na bari aka yanke abin da mahaifina ya bar mini, har ina murmushi. Tun daga ranar ko a rasit ɗin kasuwa aka rubuta sunana ba daidai ba sai an sake, a yi ta ce mini mai tsirfa.

A hanyarmu ta komawa gida ranar, bayan Mama ta karɓi laujenta, ta tsaya a gindin wata bishiya ta ce, "Wai mi ya cire miki ne, da aka yi duk wannan?"

Na ce, "Harufa ne, Mama. Guda shida."

"Nuna mini."

Na tsuguna na zana mata su a ƙasa da tsinke. Ta duƙa tana kallo, ta nuna O da bakin lauje ta ce wannan kamar bakin tulu. Sannan ta tambaye ni, "Ubanki ya sa su?"

Na ce shi ya sa su.

Ta miƙe ta soke laujenta a ƙugu. "To ba mai cirewa. Mu tafi, ciyawa na jiranmu."