Tabon da Na Kira Ƙaho

Duk abin da zan manta a shekarun da na yi ina aikin jinya a Riyad, ban da safiyar da Malam Idi direba ya fara shigowa asibitinmu. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna ƙorafin na cika takura a kan tambayar mara lafiya da rubutun fayil, har wasunku suna kwaikwayon muryata in na juya baya. Na sani, kuma ban yi fushi ba. Ga inda abin ya samo asali.

A shekarun 2010 ne, lokacin da ake fargabar cutar numfashin nan da ake dangantawa da raƙuma. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a unguwar Gubaira, irin wanda a can ake kira mustausaf: likitoci uku, ɗakin gwaji ɗaya, ba a kwantar da kowa. Matsayina nas ne, amma da yake ni kaɗai ke jin Hausa, duk mutuminmu da ya shigo sai a ce a kira Sabi'u. Tsarin aikin shi ne nas ya fara karɓar mara lafiya, ya auna zafin jikinsa da hawan jini, ya cika takardar tambayoyi, sannan ya shigar da shi wurin likita. Abin da nas ya rubuta shi likita zai fara karantawa. Ni kuwa a lokacin kaina ya ɗan yi girma, don likitocin sun saba in na ce kaza ne game da mutanenmu, ba sa ƙara tambaya.

Malam Idi ya kai shekara hamsin, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Haɗeja, cikin shanu ya tashi. Ya haura shekara goma yana tuƙa iyalin wani Balarabe mai ofis a unguwar Ulaya. Wannan Balaraben shi ne kafilinsa, wato da sunansa aka yi masa igama, takardar izinin zama. Shi ke sabunta ta duk shekara, ran da ya ƙi kuwa, sai gida. Da wannan tuƙin Malam Idi ke riƙe da gida biyu, nasa da na wansa da ya rasu.

Ya zo da zazzaɓi, ciwon kai da ciwon jiki. Na ɗauko takardarmu na bi ta layi layi. Ka kusanci raƙumi? A'a. Ka sha ɗanyen nono? A'a. Ka je gida kwanan nan, ko wata ƙasa mai zazzaɓin cizon sauro?

"Gida kam rabona da shi shekara biyu," in ji shi. "Sai dai hutun zafin nan maigida ya tafi da ni Turai. Sati uku muka yi a wani gari mai duwatsu da tafki, ko'ina kore shar. Ni ke tuƙa su, ni ke shimfiɗa musu darduma a ciyawa."

Na yi dariya na ce, "Ashe da ɗan Turai nake magana! To ai sanyin can ne ya biyo ka, Malam Idi."

Shi ma ya yi dariya. A gurbin tafiya na rubuta babu. A tunanina na lokacin, Turai wurin da ake zuwa neman magani ne, ba a kwaso ciwo a can. Takardar ma ba ta yi tanadin wannan ba.

Likitan da ke aiki ranar Dakta Mamduh ne, Bamisire, mutum mai natsuwa da ba ya son hayaniya. Ya ce Malam Idi ya cire riga zai saurari ƙirjinsa. Da ya juya baya sai ga tabon ƙaho jere a kafaɗunsa, guda shida, kowanne da 'yan tsagoginsa. Tun da jikin ya fara yi masa nauyi ya je wurin wani wanzami ɗan garinsu aka yi masa, kamar yadda kowa a cikinmu zai yi. A ƙasa da su kuma, wajen kwiɓi, akwai wani zagaye daban. Ya kai faɗin tafin hannu, ya fi sauran duhu a gefe, tsakiyarsa ta ɗan washe, kuma ban ga tsaga a cikinsa ba.

Dakta Mamduh ya ɗora yatsa a kai ya dube ni. "Wannan fa, Sabi'u?"

"Hijama ce, Dakta," na ce masa da Larabci, wato ƙaho. "Wanzamanmu suna amfani da ƙaho manya da ƙanana. Na saba gani."

Ban tambayi Malam Idi ba. Yana zaune a gabana, harshenmu ɗaya, kalma huɗu ta isa, amma ban tambaye shi ba. Likita ya gyaɗa kai, ni kuma na rubuta da hannuna: tabon ƙaho a baya. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Aka ce mura ce, aka ba shi maganin zazzaɓi da hutun kwana biyu.

Bayan kamar wata biyu ya dawo, gefen fuskarsa na dama ya saki. Idon ba ya rufuwa, in ya sha ruwa sai ya zubo ta gefen baki. Abokansa direbobi sun ce sanyin na'urar mota ne ya buge shi, wasu suka ce iska ce, a nemi tofi. Likita ya duba ya ce ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, jijiyar fuska ce kawai, kuma takan warware da kanta. Fuskar ta ɗan dawo. Sai gajiya ta maye gurbinta, da jiri, sannan gwiwarsa ta dama ta kumbura, wadda da ita yake taka birki. Wata rana ya goga motar maigida a ƙofar makarantar yara, abin da bai taɓa yi ba. Muka gwada shi zazzaɓin ɗanyen nono, muka gwada sanyin ƙashi, muka gwada abin da ɗakin gwajinmu zai iya. Komai lafiya lau a takarda, mutum kuwa yana ramewa a gabanmu.

Ranar da gaskiya ta leƙo, ina ɗaure masa hannu ne zan ɗebi jini, muna hirar shanu don in ɗauke masa hankali. Yana ba ni labarin yadda suke cire wa shanu kaska da hannu suna jefawa a wuta.

"Kai, har kaskar Turawa ma ta raina kanta," in ji shi. "Wata ta kama ni a can, a nan kwiɓina. Ina wanka na ji ta. Wallahi ba ta wuce ƙwayar riɗi ba. Na tsinke ta na yar."

Na tsaya da allura a hannu. "Me ya sa ba ka faɗa ba tun farko?"

Ya dube ni da mamaki. "Kaska, Malam Sabi'u? In zo asibiti in ce kaska ta cije ni? Ai sai a yi mini dariya."

Gaskiyarsa ce. Ni ma da zan yi.

A makarantar jinya an taɓa koya mana cutar Laim, shafi ɗaya tak, muka haddace don jarrabawa muka watsar, don an ce ta ƙasashen sanyi ce. Kaska ke ɗauke da ita. Alamarta ta farko wani zagaye ne da ke fitowa inda ta ciji mutum, yana faɗaɗa. A hoton littafinmu ja ne jawur a kan farar fata. Ba wanda ya taɓa nuna mana yadda yake a fatar da ta yi irin tawa. In an gan shi da wuri, kuma aka san mutum ya je inda cutar take, ba a ma jiran gwaji, ƙwayoyi ne na 'yan makonni. In aka bari, takan shiga jijiya da gaɓoɓi.

Na sami Dakta Mamduh na faɗa masa. Ya jawo fayil ya buɗe shafin farko, ya daɗe yana kallo.

"Ka ce mini hijama ce."

"Na ce, Dakta."

"Kuma ka rubuta bai yi tafiya ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya fara ba Malam Idi maganin cutar a ranar, bisa zato. Gwajinta kuwa ba a yi a wurinmu. Sai an aika jinin wani babban ɗakin gwaji, su ma su tara su aika gaba, kuma mataki biyu ne, na farko ya nuna alama, na biyu ya tabbatar. Muka jira sati uku. Sakamakon ya dawo a tsakiya, bai ce akwai ba, bai ce babu ba.

Na roƙi likita ya bar ni in gyara shafin farko, in rubuta abin da na gani. Ya ce, "Me ka gani? Ka rantse ba ƙaho ba ne?" Wata huɗu sun wuce, tabon ya ɓace, ba wanda ya ɗauki hoto. Na koma wurin Malam Idi na tambaye shi ko wanzami ya kafa ƙaho a wajen kwiɓin. Ya ce yana jin ya kafa, yana jin kuma bai kafa ba, don ranar zazzaɓi ya rufe shi.

"Ni ba na ganin bayana, Malam Sabi'u," ya ce. "Kai ka gani."

Igamarsa saura sati biyu ta ƙare. Kafilin ya zo da kansa, abin da ba kasafai suke yi ba. Ba zan zalunce shi ba, ba mugun mutum ba ne. Ya zauna a ofishin likita, ni ina tsaye a bakin ƙofa, Malam Idi yana waje a kan benci.

"Idris ɗan gida ne," in ji shi. "Yarana a hannunsa suka girma. Amma sama da wata guda ke nan ina barin ofis ina kai su makaranta. Ku rubuta mini sunan ciwon, ku rubuta wata nawa zai ɗauka. In wata uku ne zan jira, in shida ne zan jira, in sabunta masa igama. Amma kullum ku ce gwaji lafiya, shi kuma ya ce ba lafiya. Wa zan gaskata?"

Dakta Mamduh ya ce abin da zai iya sa wa hannu shi ne ana zargin cutar Laim, ba a tabbatar ba, kuma ba zai iya yanke lokacin warkewa ba. Kafilin ya tambaya ko akwai wata alama da aka gani tun farko da za ta ƙarfafa zargin. Likita ya ɗago ido ya dube ni.

Nan ne wurin da nake jin kunyar faɗa. Da na ce na ga zagaye mai faɗin tafin hannu ba tsaga, kuma ni na ɓatar da likita, watakila da mutumin ya jira. Watakila kuma da bai jira ba. Amma ni ma igama gare ni, a hannun mai asibitin take, kuma nas ɗin da ya amsa kuskure a gaban mai kawo ƙara ya san makomarsa. Na ce wa kaina ai ban tabbata ba, kuma gaskiya ne ban tabbata ba. Sai dai ba rashin tabbas ne ya rufe mini baki ba, tsoro ne. Na sunkuyar da kai.

Kafilin ya ninke takardar ya ce, "La haula." Aka buga wa Malam Idi bizar fita ta ƙarshe, wadda ba a dawowa da ita.

Kafin ya tafi ya biyo ta asibiti yana dogara sanda. Na haɗa masa sauran maganinsa da kwafin takardunsa, na ɗebi jininsa karo na biyu kamar yadda ɗakin gwajin ya nema. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka, yana cewa ba don ni ba da bai san yadda zai yi da Larabawan nan ba. Na so in faɗa masa. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Sakamako na biyu ya iso yana da kwana goma sha wani abu a gida. Shi ma a tsakiya ya tsaya, da shawarar a sake ɗiban jini bayan wata guda. Na huda takardar na sa a fayil ɗin mutumin da ba zai sake shigowa ba.

Sau ɗaya muka yi waya bayan haka. Ya ce gwiwar takan sace ta sake kumbura, ya gwada tuƙin haya ya kasa. A asibitin garinsu sun duba takardun sun ce ba su san wannan ciwo ba, suka ba shi maganin sanyi.

"Mutane suna shigowa gaishe ni, suna tambaya me ya same ni a Saudiyya," ya ce. "Wasu har sun fara cewa korata aka yi don na yi laifi. Malam Sabi'u, me zan ce musu yana damuna?"

Na ce ya ce musu ana kan bincike. Ya ce to, Allah ya saka da alheri. Da na sake kira bayan sallah, layin ba ya shiga.

Har yau ban san ko cutar Laim ce ta kama Malam Idi ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Aikin nan cike yake da irin wannan, gwaji yakan ƙi magana, kuma ba laifin kowa ba ne. Nawa laifin daban ne. An ajiye ni a wurin don na san mutanenmu, sai sanin ya sa na daina tambayarsu, likita kuma ya daina tambayata. Shi ya sa nake ce muku wanda kuka fi jin harshensa shi za ku fi yi wa tambaya, kuma ku rubuta abin da idonku ya gani kafin ku rubuta abin da kuke zato. In kuma kun yi kuskure, ku faɗe shi tun mai shi yana zaune a benci a waje. Ni na jira sai yau, kuma ku nake faɗa wa, ba shi ba.