Kawu Bawa Ba Ya Wuce Babba

Ku da kuka yi gudu da Kawu Bawa kun san ba ya iya wuce ɗan Adam bai gaishe shi ba. Ba irin gaisuwar ɗaga hannu ba, a'a, cikakkiyar gaisuwa. Muna tsakiyar gangara, numfashin kowa na fita da ƙyar, sai ya hango manomi a cikin dawa. Nan take zai ja birki, ƙafafunsa na ci gaba da tsalle a wuri ɗaya don kada jiki ya huce, ya fara: "Sannu da aiki. Ya iyali? Ya ruwa? Wannan sa naka kamar ya rame, ko idona ne?" Manomi ya saki fartanya ya tsaya amsawa, mu kuma mu tsaya can gaba muna jira muna cizon yatsa.

Yayan mahaifiyata ne, tela, ya tsufa a kan keken ɗinki a bakin kasuwar Kontagora. Likita ya ce masa ciwon suga ya kama shi, ya ba shi shawarar ya riƙa ɗan tattaki, nufin likitan daga gida zuwa masallaci. Kawu ya ji labarin muna da ƙungiyar gudu, duk Asabar muna shiga mota mu wuce Tungan Magajiya, mu gangara wani kwazazzabo mai zurfi, mu haye rafin da ke ƙasansa, mu haura ta ɗaya gefen. Ya ce ai shi ke nan, magani ya samu. Na yi magiya har na gaji. Na ce masa hanyar duwatsu ce, akwai inda mutum ke hawa da hannu da ƙafa. Ya ce, "Shekara nawa ƙafar nan ta yi tana taka keke? Duk cikinku babu wanda ya kai ni atisaye."

Ranar da zai fara, matarsa Inna Talatu ta tare ni a zaure. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Haruna, ba zan iya hana shi ba, na gwada tun kafin a haife ka. Amma kai ka nuna masa wannan rami. Yadda ka fita da shi, haka za ka dawo min da shi." Tun daga ranar ban ƙara jin daɗin Asabar ba. Mutane na gudu suna kallon gabansu, ni ina gudu ina waiwaye, har wuyana ya saba.

Kun tuna shigarsa. Mun haɗa baki muka kawo masa kambas, ya juya shi sama da ƙasa, ya yaba ɗinkin, ya kai ƙarƙashin gado ya ajiye wai sai Sallah. Takalmin roba irin na makiyaya shi ne abin gudunsa. Wando kuwa da kansa ya ɗinka daga ƙyallayen da suka rage a shago: ƙafar dama shadda, ƙafar hagu atamfa, aljihu leshi. Rifkatu, ma'aikaciyar jinyar da ke gudu da mu, ta dube shi ta ce, "Baba, wannan leshin ai na bikin ƙanwata ne." Ya ce, "To ki gaya mata yana nan lafiya, har dutse yake hawa."

Amma abin da ya fi ba Malam Yakubu ciwon kai shi ne dokar Kawu ta biyu. Malam Yakubu malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare, shi ne jagoranmu, kuma ƙauyensu na bayan dutsen da muke haurawa. Yana son a tashi a kan lokaci a gama a kan lokaci. Shi kuwa Kawu ya ce rashin tarbiyya ne mutum ya zo a guje ya wuce wanda ya girme shi a hanya, ya bar masa ƙura. Wata Asabar muna haurawa ta inda hanyar ta matse, dutse a dama, rami a hagu, sai muka cim ma wani dattijo yana jan akuya. Kawu ne a gaba. Ya gaishe shi, ya gaida akuyar ma ta hanyar tambayar ko ciki ne da ita, sannan ya rage gudu ya bi bayansa a hankali. Dukanmu muka jeru a baya.

Malam Yakubu ya ce, "Baba Bawa, ka roƙe shi ya ɗan matsa mana."

"In ce wa babba ya matsa?"

"To mu ka bar mu mu wuce."

"Ku wuce ni, ku wuce shi? Laifi biyu ke nan."

Dattijon ma da kansa ya juyo ya ce mu wuce, ba komai. Kawu ya ce, "Ka ji shi, kawaici ne irin na manya." Haka muka raka akuya har ƙofar gida.

Duk wannan abin dariya ne. Ranar da ba mu yi dariya ba ita ce wata Asabar a ƙarshen damina. Mun gangara lafiya, mun haye rafi ruwa iya idon sawu, mun fara haurawa, sai na waiwaya kamar kullum na ga Kawu zaune a kan dutse. Kawu ba ya zama. Na koma a guje na tarar gumi ya jiƙa shi sharkaf, hannunsa na rawa, idonsa ya yi wani iri. Rifkatu ta taɓa shi ta tambaya ko ya karya. Ashe ya sha maganinsa, bai ci komai ba, wai kada ciki ya yi masa nauyi. Ta tura masa dabino a baki, ta ce kada ya kuskura ya taka, a ɗauke shi a fitar da shi, asibiti za mu. Ga hadari ya haɗu ta gabas, kuma duk mun san in aka yi ruwa a saman dutsen, rafin nan yakan cika kwazazzabon kafin mutum ya ankara.

Samari suka matso za su kama shi. Ya ɗaga sandar da ya tsinta. "Duk wanda ya taɓa ni sai na fasa masa kai. Mai rai ba a ɗaukarsa a kafaɗa. Ku jira in mutu tukuna."

Na durƙusa na ce, "Kawu, don Allah, ka tuna da Inna."

"Ita ta ce ka ɗauke ni? Ku bar ni in huta, yanzu zan tashi."

Ya yunƙura, ya koma daɓas. Ba abin da nake gani sai zauren nan da Inna a tsaye, da ni na shigo ni kaɗai.

Ana haka sai ga wata tsohuwa ta gangaro da ƙwarya a ka, za ta ɗebo ruwa kafin rafi ya gurɓace. Badukkiya ce, 'yar ƙabilar su Malam Yakubu, fuska duk ta yamutse, haƙori ɗaya tak a gaba. Ta tsaya ta dube mu, ta dubi Kawu. Shi kuwa ko a wannan hali sai da ya ce, "Sannu, Iya. Ya gida?"

Ba ta amsa gaisuwar ba. Malam Yakubu ya yi mata bayani da yarensu, ta sauke ƙwarya ta ce da Hausarta mai kauri, "Kai yaro, wane irin taurin kai ne wannan? Za ka kashe 'ya'yan mutane a rami? Wane ne naka a nan?" Aka nuna ni. Ta kwance zanen da ta yafa ta miƙo min. "Juya baya. Kai kuma hau."

Kawu ya ɗaga kai. Ya dubi furfurarta. Ya ajiye sanda ya ce, "To, Iya."

Haka aka goya min Kawu Bawa da zane, tsohuwar ta ɗaure min shi a ƙirji tamau yadda ake yi wa jariri. Malam Yakubu na gaba yana jan hannuna, samari na baya suna tura mu, yayyafi ya fara sauka. Ban taɓa sanin hawan nan yana da tsawo haka ba. Abin da ya fi nauyin tsorata ni shi ne shirun. Kansa ya kwanta a kafaɗata, ina kiran "Kawu, Kawu," ba amsa. Ban iya tsayawa in duba ba, kuma ban so in duba ba. Ƙasa can muka fara jin rugugin ruwa.

Muna dab da kaiwa sama, inda gonaki suka fara, wani mutum ya fito daga cikin masara yana sauri da buhu a ka. Sai na ji wata 'yar murya a bayan kunnena: "Sannu da aiki. Ya iyali?"

Na yi dariya, na yi kuka, majina da ruwan sama duk suka haɗu. Kawu ya ce, "Ka tsaya mana, mutum bai gama amsawa ba." Ban tsaya ba. Wannan ne karo na farko da na ƙi bin maganarsa.

Ya kwana biyu a asibiti aka sallamo shi. Da ya ji sauƙi ya sa aka wanke zanen, ya yi masa sabuwar kalmasa da kansa, ya ce sai na kai shi a babur ya mayar wa Iya ya yi godiya. Muka same ta a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa. Gaisuwa ta yi gaisuwa, hira ta kai ga zamanin da. Ta ce ita an gaya mata tana goye aka kawo injin niƙa na farko Rijau. Kawu ya ɗago ya dube ta.

"Kina goye?"

"Haka uwata ta ce."

"Ni na raka maigidana ya ɗinka wa mai injin nan rigar aiki. Ashe yarinya ce ke. Yarinya ta sa aka goya ni a gaban jama'a."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta ta ce, "Ni rana ce ta dafa ni. Kai kana inuwa kana taka keke. Da ka tambaya ai da na gaya maka."

Har muka iso Kontagora yana mita a bayana, wai a cikinmu duka an rasa mai hankalin da zai bincika.

Bai sake gudu ba. Inna ta ɓoye takalmin robar, shi ma bai nema da gaske ba. Ya ci gaba da zuwa tashar da muke shiga mota duk Asabar yana ba Malam Yakubu shawarar da ba a tambaye shi ba. Da rani ya shigo ya kwanta ciwo na ɗan lokaci, wata Talata bayan azahar Allah ya karɓi abinsa, a ɗakinsa, a kan shimfiɗarsa, Inna na zaune a gefensa tana yi masa fifita.

Na yi kuka sosai, amma ba zan ɓoye muku ba, a ƙarƙashin kukan akwai wata ajiyar zuciya da na daɗe ban yi irinta ba. Na shiga yi wa Inna gaisuwa ina sunkuyar da kai. Ta kama hannuna ta ce, "Ni na rufe masa ido, Haruna, da hannuna. Ba a kawo min labari daga daji ba. Allah ya yi maka albarka."

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Inna haƙuri, ya sa ya tarar da sauƙi a inda ya tafi, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.