Hunturun da na ƙirga wa abokina hankaki

Shekarun baya, ina digiri na biyu a garin Greensboro, can ƙasar Turawa, na yi hunturu biyu ina ƙirga hankaki. Aikin ba nawa ba ne. Na abokina ne, wanda ke gabana da aji biyu a sakandare can gida, yana digiri na uku a kan yadda tsuntsaye ke taruwa in sanyi ya shigo. Da farko wani tsuntsu mai baƙi da fari, dangin hankaka, ya so ya nazarta, sai da ya iso ya tarar ba a samunsa a wannan ɓangaren ƙasar. Ya koma kan hankaki. Na nan ɗin baƙaƙe ne ƙirin, ko farar binjima irin ta namu ba su da ita.

Ba shi da mota, ni kuwa ina da wata tsohuwa mai tari. Kullum bayan La'asar sai mu nufi bayan manyan kantunan Wendover, inda hankakin ke kwana a kan bishiyoyin da suka zubar da ganye. Yana da asma, don haka shi ke zama cikin mota da hita yana rubutu, ni ina waje da tabaron hangen nesa, yatsuna sun ƙandare.

A tsayuwar nan na lura ba zaman kara-zube suke yi ba. Masu ƙarfi su kama rassan sama da na tsakiya, raunana da waɗanda suka makara a bar musu gefe, inda iska ke duka kuma mujiya ke ɗauka. Na shafe makonni ina zana wa kowace bishiya taswira kafin na nuna masa.

"Kai, wannan ai babi ne guda," in ji shi. "Takarda za ta fita a nan."

A nan ya kamata in ce, sunana fa? Ina neman gurbin digiri na uku, kuma an gaya mini ƙarara: in ba takardar bincike da aka buga mai sunana, ba gurbi. Amma ta yaya za ka dubi mutumin da kake ce wa Yaya, wanda matarsa ke aiko maka da tuwo duk Juma'a, ka ce a rubuta? Na ce a raina ai ya sani.

Takarda ta fito da sunansa da na sufabaizansa. Ni ina can ƙarshe, wurin godiya: an gode wa wane, wanda ya taimaka da sufuri. Sau uku na karanta. Direba dai.

Na kai kuka wurin wani dattijonmu a unguwar Sedgefield. Ya saurare ni yana kurɓar shayi.

"Malam, mu nawa ne a garin nan? Ka kai ɗan'uwanka gaban Turawa a kan tsuntsu? Hankaka fa. Ko yankawa ba a yi."

Na yi dariya, don ya ga ina da tarbiyya. Gurbin ya wuce ni. Na kama koyar da kimiyya a wata sakandare, inda nake har yau.

Bayan shekaru muka haɗu da abokin nawa a wani taron suna. Ya zama farfesa a wata jiha, ya ajiye tumbi. Na gaya masa zancen takardar cikin raha, yadda muke faɗin abin da ya fi ci mana rai. Ya ajiye cokali.

"Don Allah? To me ya hana ka magana? Wallahi da ka ce uffan da na sa. Na ɗauka taya ni kawai kake yi."

Na dubi idonsa ina neman ƙarya, ban samu ba.

Na shekara da shekaru ina kiransa a zuci hankaka mai da ɗan wani naka, kuma ina jin daɗin sunan. Ranar nan har wannan ya ƙwace mini. Tun ina yaro ake yabona da kunya, babu wanda ya taɓa gaya mini cewa a wata ƙasar ba a san ta ba balle a saka da ita. Mutane na tambayata ko na yafe masa, in ce na yafe, don ita ce amsar da ake so. Da ya cuce ni da gangan, da aƙalla na san wanda zan yafe wa.