Fararen Layukan da Babu Su a Ɗanzomo

Ana sallame sallar asuba muka bar tashar Gumel, ni da ɗan ƙanwata. A Ɗanzomo kowa ya san shi da gudu, tun yana bin shanu ba a kamo shi. Ubansa ya ba shi dama ɗaya tak: in an ɗauke shi a ƙungiyar 'yan tsere a wannan gasa ta Kudu, to, in ba haka ba, lodin tirela a Maigatari na jiransa.

Hanya ta ba mu kashi. Muna wuce Lokoja ramuka suka karɓe mu, direba na ta tsinuwa. Shinkafar da muka saya, sai da na tona ƙasan kwano ko naman ɓuya ya yi. Yaron ko loma bai iya kaiwa baki ba.

Filin gasar na wata coci ne, abin da ban taɓa jin irinsa ba. Kujeru hawa-hawa, ciyawa kore shar, wadda da a wajenmu take da tuni tumaki sun yi mata aski. Ga jan daɓe mai laushi an zana masa fararen layuka. Dattijon da ke kula da wurin ya ga muna laluben gabas, ya buɗe mana wani ɗaki, har ya kawo ruwan alwala.

Zagaye ɗaya za su yi, aka tsayar da yaron a layin waje. Bindiga na tashi ya yi abin da ake yi a gida, inda babu layi sai kukar da za a zagayo: ya yanko ciki. Shi ya fara isowa, da tazara. Na yi ihu har hulata ta faɗi. Sai alƙali ya ɗaga tuta, aka soke shi don ya bar layinsa. Babu wanda ya gaya mana, ba su zaci akwai mai gudun da bai san haka ba.

"Kawu, ba ni na zo na ɗaya ba?"

"Kai ne," na ce masa. Dattijon nan ya je ya roƙi alƙalai, suka ce doka ce.

Wallahi na yi hawaye a mota, na ɓoye fuskata a taga. Tafiyar ta nuna mini muna da yara masu baiwa, mai nuna musu ƙa'ida ne babu. Da muka isa Ɗanzomo ubansa na zaune a ƙofar gida. Ya dubi fuskokinmu. Ya ce a kawo mana ruwa.