Sandar Baffa Sale

Da hantsi ne, ana yayyafi a unguwarmu ta New Bell a Douala, ina zaune bakin ƙofa da littafina, labarin ya kai inda masoya za su haɗu. Sai wayar surukata ta yi ƙara, ta ɗauka ina ji. Muryar mijina Bello ce: "Inna, Baffa ya rasu. Ni kuma jandarma sun..." Layin ya yanke. Har yau bai sake kira ba.

Baffa Sale ƙanen mahaifin Bello ne. Shi ke haɗa shanu a arewa, Bello na taya shi, a loda su a kamiyon, wato babbar mota, zuwa Douala. Kiwonsa a gefen gandun namun daji yake, a filin da hukuma ta ware tsakanin gandun da ƙauyuka. Nan an yarda a yi kiwo da rana, amma ba a kunna wuta, ba a kwana, ba a shiga da makami. Itatuwan da aka shafa wa jan fenti su ne iyaka. Yakan ce, "Giwa ma maƙwabciya ce, a bar mata zaurenta."

Duk zuwansa sai ya tsokane ni. "Amarya, a littafin nan naki akwai saniya?" In ce babu. "To me suke ci, soyayyar?" Amma shi ya hana a yi mini faɗa ranar da na ƙona shinkafa ina karatu.

Tun da 'yan bindiga suka fara ɓuya a dajin, masu gadin gandun suka daina tambaya kafin harbi. Baffa ya riƙa bin makiyaya yana gargaɗi: "Ku sauke sanda daga kafaɗa, ku ja ta a ƙasa. Daga nesa bindiga ce."

Direban kamiyon da ya zo gaisuwa ya ba mu sauran labarin. Karsana ce ta tsallake jan fenti. Bello ya zabura zai bi ta, Baffa ya riƙe masa riga. "Kai kana da amarya, tsaya nan." Ya tafi da kansa. Yana cikin tafiya hannunsa ya ɗaga sandar ya gitta a wuya, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Aka harba. Daga baya jami'an tsaro na jandarma suka zo suka tafi da Bello.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Ya Allah Ka tausasa zuciyar waɗanda ke tsare da Bello. An yi sadakar uku, mutane sun watse, amma Inna ta hana a naɗe tabarmar makoki. Ta ce sai ɗanta ya dawo ya zauna a kai an yi masa gaisuwa.