Kalangun Baba a Cikin Fiyanona

Muna idar da sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, ni da abokan aikina biyu. Ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana baya rungume da fiyanona, don ba na yarda a sa ta a but. But ɗin na ƙaramin janareta ne da jarkar fetur. Jega muka nufa, kuma abin da ya fito da ni kalangu ne.

Ga wanda bai san aikina ba, kiɗa nake haɗa wa shirye-shiryen rediyo. Fiyanon nan tawa irin mai cin faifai ce. Ka sa mata faifai ɗaya ta zama gogen Turawa ashirin, ka sa wani ta zama ƙaho ko sarewa. Mutanen da suka yi faya-fayan sun zaunar da makaɗa ne suka naɗi kowace murya ɗaya bayan ɗaya, suka jera a kan maɓallai. Na san aikinsu ciki da waje, kuma ina yaba musu. Amma gangar da suka sa a ciki da sunan ta Afirka, wallahi ko akuya ba za ta juyo ba. Ka buga sau goma, sau goma bugu ɗaya ne za ka ji, ba inda ya bambanta. Na daɗe ina fatan su riƙa naɗar kowane bugu kala-kala, injin ya riƙa canzawa da kansa, don hannun mutum bai taɓa maimaita bugu daidai ba. Da na gaji da fata sai na ce bari in je in naɗo nawa.

Hanya ta yi mana kirki har Kalgo, daga nan ramuka suka fara gaishe mu. Direbanmu yana kauce wa ɗaya yana faɗa wa biyu, na baya yana salati a madadin fiyano. Mun shiga Jega da hantsi, kasuwa ta fara cika. Manyan motoci suna sauke buhuna, 'yan kabu-kabu suna ratsa mutane ba ko sallama. Muka karya da waina da romon kai a wata rumfa kusa da tasha. Abin da muka biya mu uku, a Birnin Kebbi mutum ɗaya ma ba zai ƙoshi da shi ba.

Kowa ya san kalangu kiɗan mahauta ne, don haka layin mahauta muka nufa, muna tambayar tsohon da ake kira Baba Mai Kalangu. Wani mahauci mai faɗin ƙirji ya ajiye wuƙa ya dube ni.

"Kun makara, malam. Babur ya kada shi, kafaɗar hagu ta karye. Yana Aliero wurin ɗori."

Shi ne ya ba mu sauran labarin. Kowane mahauci yana da takensa, wato ɗan kiɗan da in an buga ya san da shi ake. Gidan su Baba ne ke riƙe da taken mahautan layin nan tun kakansa. Washegari kuma akwai bikin ɗan babban mahaucinsu a Maiyama, inda za a kira kowa da takensa ya fito fili. Al'adarsu ita ce, in makaɗin gida bai buga a irin wannan taro ba, wanda ya buga shi ne makaɗinsu daga ranar. An riga an aika wa wani ya zo da kalangunsa ko da za a buƙata. Mahaucin ya ce ba don sun so ba, amma biki ba ya yiwuwa shiru.

Muka kama hanyar Aliero. Tun kafin ka ga gari hancinka zai gaya maka ka iso, albasa ce tuli-tuli a bakin titi, ga rumbunanta a gonaki. Direba ya sayi buhu guda, wai na uwargida, muka ƙarasa tafiyar muna hawaye ba wanda ya mutu.

Mun sami Baba a zauren mai ɗori, kafaɗa ɗaure da karare da tsumma, kalangunsa rataye a bango inda zai riƙa ganinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ɗana, mi za ka ɗauka? Hannun bugu lahiya lau shi ke. Amma kalangu hammata ta, kuma hammata ta tahi hutu."

Gaskiya ya faɗa. Da dama ake bugawa, da hammatar hagu ake matse tsarkiya, murya ta hau ko ta sauka. Wannan hawa da saukar ita ce maganar kalangu. Kuma ita ce babban abin da faya-fayan nan suka rasa: suna da kowace murya, ba su da hanyar da ke tsakanin murya da murya. Gogensu ma haka yake, tsalle yake yi daga nan zuwa can, alhali mai goge na gaske jan yatsa yake yi. Da ni ke yin su, da wannan jan zan fara naɗa kafin komai.

Duk da haka na ce mu gwada. Muka kai janareta can bayan gida don kada ƙararsa ta shiga. Abokina ya riƙe kalangun yana matse tsarkiya da hannu biyu, Baba yana bugawa da dama. Na naɗi sako-sako, na naɗi matsakaici, na naɗi matsattse, kowanne a hankali da kuma da ƙarfi, saboda bugu mai ƙarfi launinsa ma daban ne, ba ƙara kawai ba. Na jera su a kan maɓallai na buga masa. Ya saurara ya yamutsa fuska, ya ce muryar tasa ce amma kamar an sa mata sanda a wuya.

A nan ne dabara ta zo mini. A gefen hagu na fiyano akwai ɗan wili da ake murzawa da yatsa, sauti ya lanƙwasa sama ko ƙasa. Na buɗe shi iyakar yadda yake buɗuwa, na ɗora babban yatsan Baba na dama a kai, na danna maɓalli. Ya murza. Kalangu ya yi magana. Tsohon nan ya zabura har sai da ya taɓa ciwonsa.

"Kai! Sake, sake mu ji!"

Ba mu yi nisa ba mai ɗori ya shigo ya kore mu, ya ce mun hana majinyata sakat. Da ƙyar ya yarda a tafi da Baba bikin Maiyama washegari, da sharaɗin kafaɗa ba za ta motsa ba, kuma a dawo masa da shi kafin magariba. Taken mahautan kuwa da baki Baba ya koya mini bugunsu a ƙofar gida, ina tafawa a cinya. Muka koma Jega muka kwana.

Da safe muka ɗauko shi, muka sake ratsa Jega muka miƙa kudu. An ba shi gidan gaba an tokare shi da matasai, direba ya tuƙa a hankali yadda ban taɓa sanin ya iya ba. Maiyama gari ne mai natsuwa, babura sun fi motoci yawa, ga ma'aikatan ƙaramar hukuma da malaman makaranta, har da baƙi 'yan kudu, duk sun zo cin naman biki. Nama kam an ci. Bikin mahauta ne, tsokar da aka zuba mana ta fi tuwon yawa.

Bayan azahar aka share fili a ƙofar gidan. Muka kafa fiyano a kan benci, muka ɗaura lasifika a jikin bishiyar bedi. Ɗaya makaɗin yana zaune gefe, kalangunsa a cikin jaka a kan cinya. Mutumin kirki ne, har ya zo ya gai da Baba ya yi masa sannu. Amma jakar tana nan, kowa yana ganinta.

Muka fara da taken uban ango. Na buga, Baba ya murza, muka kai ƙarshe. Ba wanda ya motsa. Uban ango yana zaune yana kallonmu kamar masu gyaran rediyo. Muka sake, shiru. Na ga makaɗin can ya fara kwance bakin jaka. Baba ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Kai ka ɓata shi. Jirana kaka yi in murza kannan ka buga. Bugu ka zuwa gaba, matsi na biye. Buga abinka, ka bar ni da saura."

Haka ne kuwa. Mu 'yan fiyano mun saba mu nemo murya tukuna mu danna, ga shi kuma ina jin nauyin in riga dattijo. Na daina kallon yatsansa, na sa ido a kan maɓallai na buga kaina tsaye. Sautin ya fito ya lanƙwashe ya hau, sak yadda kalangu ke kiran mutum. Uban ango ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu sama ya yi kururuwa, ya shigo fili yana taku. Mata suka ɗauki guɗa. Daga nan Baba ya riƙa raɗa mini na gaba, muna kiransu ɗaya bayan ɗaya, kowa yana fitowa. Na yi farin cikin da na daɗe ban yi irinsa ba. Da aka gama kiran kowa, Baba da kansa ya yafito ɗaya makaɗin ya ce ya buɗe jakarsa ya yi wa matasa kiɗan rawa, tunda aikin gida ya kammala.

Mun mayar da shi Aliero rana tana shirin faɗuwa. Yatsan nasa ya yi ja har ya tashi, yana ta hura masa iska. Ya ce in na haɗu da maƙeran injin in gaya musu su yi wanda ake saƙalawa a hammata, don yatsa bai saba da wannan wahala ba. Na ce wannan ma yana cikin abubuwan da nake nema a wurinsu.

Mun iso Birnin Kebbi lafiya, da faifai cike da kalangu na gaske, da mota mai warin albasa. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, sautin kam na samu, kuma zai yi mini aiki shekara da shekaru. Amma da na zauna ni kaɗai a ɗakin aiki na buga taken uban ango, hannu ɗaya a maɓalli ɗaya a wili, na tabbata ko mai taken yana tsaye a bakin ƙofa ba zai shigo ba. Shi ya sa na yanke shawara, duk shirin da zan sa wa kalangu, mota zan aika Jega ta ɗauko mini Baba.