Gishirin da Irimiya Ya Haɗiye

Injin motar Charles ya ƙone a bakin teku, gaba kaɗan da Badagry, kuma kafin motar ta dawo Minna a bayan tirela, Sabon Gari ta riga ta gama shari'a cewa Irimiya bakanike ne ya kashe shi da gangan. Ƙarya ce. Yanzu da mutumin ya ajiye sifana saboda hannunsa ya fara rawa, ya kamata a faɗi abin da ya faru, a yi masa jinjinar da aka daɗe ana hana shi.

Irimiya ɗan Gbagyi ne daga Maikunkele. Shekaru da yawa, gari na wayewa za ka ji ƙarar tsohon babur ɗinsa yana shigowa garejin manyan motoci na Sabon Gari. Shi yake share rumfarsa da kansa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba. Ba ya taɓa mota sai ya saurare ta tukuna. A tayar, ya kafa tsinin sukudireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya rufe ido kamar mai addu'a. Fara'a kam ba shi da ita. In ya canza maka wani abu, sai ya miƙo maka tsohon a leda ya ce, "Tafi da gawarka."

Ni dai ba na yarda da bakanike, ko wane ne shi. Shi ya sa duk abin da ke cikin rubutun nan sai da na ji shi daga baki fiye da ɗaya, kowa daban, kafin na sa hannu.

Charles mutumin Zonkwa ne, yana sayar da kwanon rufi a Sabon Gari. Ya sayi wata tsohuwar bas, ya cire kujerun, ya sa kafinta ya buga gado a ciki, ya ɗaure risho da tukwane a gefe, ya haɗa tamfol da ake ja daga saman ƙofa ya zama rumfa. Gida ne sosai, amma mai taya. Dalilin duk wannan wahala kuwa uwarsa ce, Mama Magdalina. Tsohuwa ce manomiya, ta yi rayuwarta tana jin labarin teku a majami'a, ta ce tana so ta gan shi da idonta kafin Ubangiji ya kira ta.

Ƙannen Charles da ke Kaduna ba su so ba. Sun ce Mama ta fara ruɗewar tsufa, tana manta tukunya a wuta, don haka a raba ta da gidanta da gonarta, a kawo ta Kaduna a ba ta ɗaki. Charles ya ce uwarsa garau take, kuma tafiyar nan za ta nuna musu. Mama ta san da wannan rigima, kuma ba abin da take tsoro kamar ɗakin nan. Irimiya ma ya sani, don a gabansa ake ta yin waya.

Suka tashi su huɗu: Charles a sitiyari, matarsa Margaret, Mama, sai Irimiya da akwatin kayan aikinsa. Tun kafin Mokwa taya ta fashe. A Jebba fanbel ya tsinke. Suna wuce Ilorin lagireto ya fara ɗiga. Irimiya ya liƙe shi iya yadda zai iya, ya ce sai dai kullum da safe a ƙara ruwa. Ya ware wata jarka mai launin ruwan ɗorawa don wannan aikin kaɗai.

Charles ya fara kallonsa da gefen ido.

"Oga Irimiya, ba kai ka duba motar nan kafin mu taso ba?"

"Na duba. Na kuma ce maka ta tsufa."

"To me ya sa kullum sai ta nemi hannunka?"

"Tambaye ta mana, ai ga ta nan."

Abokan Charles na kasuwa suna ta hura masa kunne a waya. Wai bakanike in ka ɗauke shi tafiya, dole ya ƙirƙiro aiki don kada a ce zaman banza ya zo yi. Daga nan duk sanda Irimiya ya shiga ƙarƙashin mota, Charles na tsugune a gefe yana lissafin abin da aka kwance.

Da suka isa bakin teku, sai suka riƙa bi a hankali, daga wajen Epe suka ratsa Legas suka nufi Badagry, da niyyar kaiwa Kwatano. Inda suka ga ƙauyen masunta da inuwar kwakwa, su ja tamfol su kwana biyu. Mama ta samu abin da take so. Ta kan ɗauki kujera 'yar tsugunno ta zauna inda ruwa ke zuwa ya taɓa mata ƙafa ya koma, tana rera waƙoƙin majami'a da yarensu. Ta ɗanɗana ruwan, ta tofar, ta yi dariya ta ce, "Wannan miya ce, saura kuɓewa."

Ruwan daɗi kuwa wahala yake a wurin, saye ake yi. Kullum Irimiya ya tashi sai ya tarar da jarkarsa cike. Ya ɗauka Margaret ce ke zuba masa daga wanda aka saya. Ita kuma Margaret ta ɗauka shi yake cika kayansa. Ya buɗe lagireto ya tuttula, a ci gaba da tafiya. Haka aka yi ta yi, mota na ƙara zafi, ruwa na tafasa yana ƙafewa, ana ƙara wani.

Wata safiya ya zura tiyo a lagireto ya tsotsa don ya ga me ya toshe. Bakinsa ya cika da gishiri. Ya tofar, ya tsoma yatsa a jarka ya lasa. Shi ne dai. Bai ce wa kowa komai ba, ya zubar da ruwan a yashi, ya mayar da jarkar wurinta, ya jira. Washegari da sassafe sai ga Mama tana tahowa daga wajen teku, jarka a ka, tana tafiya a hankali kamar mai dawowa daga rafi.

"Mama, sannu da aiki. Kawo na karɓe ki."

"Bari, ɗana, ƙarfina bai ƙare ba. Na ga kana wahala da motan nan, ruwa kuma tsada. Ga na Allah kyauta. Mutum ne bai iya sha, mota kuma ina ruwanta da ɗanɗano?"

"Tun yaushe kike ɗebowa?"

"Tun ranan da mun zo. Su ce wai ba na iya komai. Kai ka gani, ko rana ɗaya na manta?"

"Ba ki manta ba, Mama. Amma daga yau ki huta. Motar nan ruwan gida ta saba da shi."

Tsohuwar ta tsaya ta dube shi. "Na ɓata abu ne?"

"Ba ki ɓata komai ba."

A nan ne Irimiya ya yanke shawara, kuma bai yi shawara da kowa ba. Ya san in maganar ta fita, kafin rana ta faɗi ta isa Kaduna. Za a ce ga shi nan, ta ɗura wa mota ruwan teku, me kuma ake jira? Gona ta tafi ke nan.

Sai ya yi ƙoƙarin ceto injin a ɓoye. Ya kwance tiyon ƙasa, ya zubar da ruwan, ya kwashi ruwan ledan da aka saya na sha yana fasawa yana ɗurawa don ya wanke ciki. Yana cikin haka Charles ya zagayo.

"Me kake yi da ruwan shanmu?"

"Wanke lagireto."

"Wa ya sa ka? Me ya shiga ciki?"

"Datti."

Charles ya duƙa ya ga wani farin abu ya daskare a bakin murfin, ya kankare da farce. Wankin bai yi amfani ba, aikin gama ya riga ya gama. Ba su yi nisa daga Badagry ba hayaƙi ya turnuƙe, inji ya yi wata ƙara ya tsaya. Charles ya hana Irimiya taɓawa, ya ɗauko wani bakanike daga cikin gari. Mutumin ya buɗe, ya lasa, ya ce ruwan teku ne aka daɗe ana zubawa.

Charles ya juyo. "Wa yake zuba wa motar nan ruwa?"

Mama tana zaune a inuwar tamfol nesa kaɗan, tana gyaran kifi. Irimiya ya ce, "Ni nake zubawa."

Ku lura da kyau, bai yi ƙarya ba. An tambaye shi wa ya zuba. Ba wanda ya tambayi wa ya ɗebo.

Charles ya ce mutumin da ya tsufa a cikin inji ba zai yi wannan da kuskure ba. Ko dai yana neman aikin sauke inji ne, ko kuma sun haɗa baki da wani don a sayi motar a wulaƙance. Ya sauke masa akwatinsa a bakin titi. Irimiya ya hau motar haya ya dawo Minna shi kaɗai. Mama kuwa aka ce mata an kira shi gida ne.

Ƙungiyar gareji ta zauna a kan maganar. Ciyaman ɗinsu Ndako, Banufe ne da suka yi koyon aiki tare da Irimiya tun suna samari, kuma shi ya ba ni wannan da bakinsa. Ya ce ya ja shi gefe ya ce, "Kai Bagwari, na san ka da taurin kai amma ban san ka da mugunta ba. Faɗa mini ni kaɗai, wa kake rufa wa asiri?"

Irimiya ya ce, "Hannuna ne ya zuba. Iyakar maganata ke nan."

"To ka kashe kanka."

"Na ji."

Aka karɓe rumfarsa aka ba wani. Ya koma Maikunkele ƙarƙashin wani mangwaro, yana gyaran janareta da injin markaɗe. Mutumin da direbobin Bida da Kontagora ke layi a gabansa, ya koma mata na kawo masa inji a ka suna yi masa ciniki.

Wani zai ce, ina Margaret? Na tambaye ta haka, ban kuma sassauta ba. Ta ce ta taɓa hango Mama da jarkar, sai ranar da injin ya ƙone ta haɗa lissafi. Amma matar ɗa ba ta buɗe baki ta ce uwar miji ce ta yi ɓarna. Da ta faɗa, dangi za su ce dama can tana neman hanyar kawar da tsohuwar. Ta je Maikunkele a ɓoye ta roƙi Irimiya ya yi magana, ya ce mata, "Madam, Mama tana noma?" Ta ce tana yi. Ya ce, "To shi ke nan, gaishe ta."

Mama Magdalina ta yi sauran daminunta a gonarta, a gidanta kuma ta rasu bara, ba ta taɓa sanin me jarkar nan ta jawo ba. Bayan an binne ta Margaret ta zaunar da mijinta. Charles ya je gaban 'yan gareji ya cire hula ya faɗi gaskiya, ya wuce Maikunkele ya durƙusa. Waɗanda ke wurin sun ce Irimiya bai ko ɗago daga janaretan da yake kwancewa ba. Cewa ya yi, "Tashi, kana tare mini haske. Ka riƙa tambaya har ƙarshe."

Ba zan ce duk abin da ya yi daidai ne ba. Akwai taurin kai a ciki, akwai kuma girman kai irin na mutumin da ba ya son roƙon a yarda da shi. Matarsa da 'ya'yansa sun sha wuyar da ba su suka zaɓa ba.

Amma Irimiya, kai ne ka ga tsohuwa ta ɗauko jarka a ka don ta nuna tana da sauran amfani, ka ƙi karya ta. Kai ne aka kira maci amana a gaban yaran da kake koya wa aiki, amsar tana bakinka, ka haɗiye ta da gishirinta. Na Maikunkele, kunne a jikin inji, mun gode. Allah ya ba hannun nan sauƙi. Ku kuma masu sana'a, in har za ku kwaikwayi wani, ga shi nan da ransa, ku je ku gaishe shi tun yana jin gaisuwa. Masu saurin yanke hukunci a waya da teburin mai shayi, ku ma ku je, kun fi kowa buƙata.

Ndako ya ce a mayar wa Irimiya rumfarsa, amma hannu ya riga ya ƙi. Yaran da ke ƙarƙashinsa a wancan lokaci, iyayensu sun kwashe su tun makon da aka yi shari'ar, a hannun wasu aka yaye su, sunan wasu suke kira in an tambaye su wa ya koya musu. Ranar da ya tashi ajiye aiki, ya nemi wanda zai miƙa wa akwatin sifanunsa kamar yadda ake yi, bai samu ba. Ya ɗaure shi a bayan babur ya kai gida.